Rigar Zuwa Wata a Waje Take Kwana

Zancen yadda na baro Dareta mu bar shi, kun gani da idonku, har da waɗanda sunka raka ni tashar Anka suna ƙunshe dariya wai tsohuwa za ta ƙasar Turawa wankan jego. Ni ce Hajara, wadda kuke ce ma Inna Hajo. Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Abin da ba ku gani ba shi zan ba ku.

Autana Bashiru ne ya aiko a ɗauke ni. Ya daɗe a Amurka, karatun duwatsu da ƙasa ya kai shi, ya gama anka riƙe shi aiki. Matarsa Rukayya, ɗiyar Gummi, ta haifi namiji. Uwarta ta nemi biza anka hana ta, ni anka ba ni. Tun kafin wannan na taɓa tambayarsa a waya wane irin aiki yake yi, ya ce mutanen da sunka taɓa sauka bisa wata tun ina amarya suna shirin komawa, shi kuwa yana cikin masu gyara masu tafiya. To, ba gidan suna, ba gidan biki, ba layin asibiti da ban faɗi wannan ba. Daga Anka har Bukkuyum an san ɗan Hajo na gyaran hanyar wata.

A filin jirgin Abuja anka fara cuta ta. Wani mutum fes da shi, da igiya a wuya da kati na lilo, ya tare ni da gaisuwa kamar ni na haife shi. Ya ce kayan jegona ba za su wuce ba sai an naɗe su da leda ta musamman. Ya zaɓi ƙullin kilishi da gwangwanin man shanu, ya ce in tsaya nan kada in motsa. Na tsaya. Da ba a kira jirginmu ba, da har yau ina tsaye.

Zango na biyu ƙasar Turkiyya, inda ake sauya jirgi. Muna sauka sai ga wani saurayi da keken marasa lafiya, riƙe da takarda, yana ƙoƙarin kiran sunana yana taunawa. Ashe Auta ne ya shirya haka. Na dubi keken, na dubi yaron. Ni da nake taka sayyada daga Dareta zuwa Anka in dawo da kaya a kai, ni za a tura kamar buhun gero a baro? Na kaɗa mashi hannu, na gyara mayafi, na wuce. Abin da ba wanda ya gaya mani shi ne, mai keken shi ne ɗan jagora. Wurin nan ya fi garin Gummi girma, kuma duk rufe yake da rufi ɗaya. Ƙasa na tafiya da kanta, matakala na hawa da kanta, ko'ina shaguna masu ƙamshi iri ɗaya. Na bi wasu mata masu lulluɓi ina zaton hanyarmu guda, ashe su Makka za su. Ƙafafuna sunka fara zafi, na samu kujera na zauna, na fito da goro, na ce bari in ga ikon Allah.

Goron ne ya cece ni. Wata mata mai jiki, da tabarau, ta zo wucewa ta ja ta tsaya, ta ce, "Mama, sannu da hutawa. Goron nan fari ne ko ja?"

Sai da na ji hawaye ya taru mani. Rifkatu sunanta, Kirista ce, mutuniyar Filato, ma'aikaciyar jinya. Ta taɓa aiki a asibitin Bukkuyum shekarun baya, yanzu tana Amurka, kuma jirginmu ɗaya. Ta duba takarduna ta ce saura ƙiris a rufe ƙofa, ga shi da nisa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da wata 'yar mota mai tafiya cikin gini. Wannan kam na hau, don mota ce, ba keke ba. Ta yi ta mani tsiya a hanya, wai Zamfarawa girman kai zai sa su kwana a tasha. Na ce mata ai ban kwana ba.

Da munka sauka Amurka, kare anka sako ya shinshina kayanmu. Rifkatu ta raɗa mani cewa nama suke nema, wanda anka kama da shi ya shiga uku. Ashe ɓarawon Abuja aiki ya yi mani bai sani ba. Duk da haka ban yafe ba. Wani jami'i ya buɗe jakata, ya ɗago dunƙulen kanwa yana juyawa, ya ce wannan wane dutse ne. Na karɓa na lasa a gabansa, na ce Rifkatu ta gaya mashi kunun mai jego ake yi da shi. Ya yi dariya ya mayar. Kafin mu rabu ta sa lambarta a wayata, ta ce in abu ya ɗaure mani in danna nan.

Garin su Auta zafi gare shi, irin mai danshi, kamar ana turara mutum. Gida mai kyau, ruwan zafi na fitowa daga bango, ba hura wuta ba faskare, wankan jego ya zo da sauƙi har na ji kunyar wahalar da munka sha a zamaninmu. An riga an yi suna kafin in iso, Sadiƙu. Da anka aza mani shi a cinya na ce to, ango, ga amaryarka ta zo daga nesa, ina lefe? Ya yi hamma. Amma unguwar shiru kamar an yi gudun yaƙi. Ba sallama, ba zakara, ba mai leƙowa ɗibar wuta. Da hantsi in Rukayya da yaro sun yi barci, sai in zauna bakin taga in riƙa lissafa gidajen Dareta a zuciyata, daga zauren liman har bakin rijiya.

Hutun haihuwar Auta ya ƙare, ya koma aiki. Ran nan da la'asar ya dawo da murna, ya zauna kusa da ni, ya ce bari ya nuna mani aikin da nake ta yi mashi shela a kai. Ya kunna hoto mai motsi a waya. Kafin in ga komi, ƙarar ce ta fara shiga kunnena, gurr-gurr, ƙarar da ko a kabari zan gane ta. Sai ga inji, ana zuba mashi baƙin dutse, gari na fitowa ta ƙasa, ana tankaɗewa. Ga ɗana tsaye a gefe cikin farar riga.

Na ce, "Auta, mi kake yi nan?"

Ya ce ƙasar wata suke kwaikwayo. Ta ainihin kaɗan ce anka taɓa kawowa, ba ta isa gwaji, shi ya sa suke niƙa duwatsun nan duniya su yi irinta, a gwada riguna da takalma da motoci a ciki.

Na ce, "Wato duk karatun nan, duk teku da ka ƙetare, niƙan dutse ka zo yi."

Ku na gida kun san abin da niƙan dutse ya yi mana, amma saboda baƙo bari in faɗa. Shekarar da zinari ya yi kuɗi, maza sunka riƙa kawo dutse cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin da muke niƙa dawa. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, a tabarmi, a rigunan maza. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki. Yara masu rarrafe sunka fara jijjiga suna mutuwa. Jikata Luba, ɗiyar babban wan Auta, ta fara tafiya ke nan. Ubanta in ya dawo daga inji ita ke fara tarbarsa, ya ɗaga ta ya rungume da rigar aiki. A bayana ta cika, a hanyar Anka. Daga baya likitoci sunka zo, anka kankare ƙasar gidajenmu anka zuba sabuwa, anka kafa mana doka: dutse ba ya shiga gari, rigar aiki ba ta shiga gida, a wanke jiki kafin a taɓa yaro. Auta na makarantar kwana lokacin. Ya zo ya tarar da ƙananan kaburbura, amma bai ji jijjigar a bayansa ba.

Ya yi ta bayani, wai dutsensu ba dalma, wai can suke tuɓe kayan aiki, wai ko ƙwayar ƙura ba ta biyo shi. Na ce mu ma haka munka zata. Na miƙe na ɗauke Sadiƙu daga shimfiɗa na goya shi. Na ce daga yau in ya dawo, a gareji zai tuɓe, ya yi wanka da tiyon ban ruwan fulawa, sannan ya shigo. Yaro kuwa ba zai ɗauke shi ba sai na ga wurin nan da idona.

Bai yi mani musu ba, ban haifi mai yi mani musu ba. Amma gidan ya yi nauyi. Yakan tsaya bakin ƙofar ɗaki da hannuwa a baya yana kallon ɗansa ana mashi wanka. Rukayya ta yi mani magana a hankali, ta ce, "Inna, ɗan fari ne fa, ko yatsa ki bari ya kama." Na ce mata ni ma ina da zuciya, amma na taɓa sauke goyo mai sanyi, ba zan sake ba. Ta yi kuka, ni ma na shiga bayi na yi nawa.

Akwai wani tsohon Bature maƙwabcinsu, mai yawo da kare da yamma. Kullum sai ya tarar da ma'aikacin hanyar wata ɗaure da tawul a gareji, ni kuma tsaye da tsintsiya ina nuna mashi bayan kunne. Na zaci 'yan sanda zai kira. Ran nan sai ga shi da guduma. Ya yi magana da Auta, ya shiga garejin, ya kafa ƙatuwar ƙusa a bango kusa da ƙofa, ya rataye rigar Auta a kai, ya juyo ya ɗaga mani babban yatsa. Ashe a matatar mai ya yi aiki har ya tsufa, kuma marigayiya matarsa haka take mashi. Washegari na aika mashi da kunun kanwa. Kofin ya dawo a wanke, ban san ko shi ya sha ko karen ba.

Sai da Auta ya yi ta neman izini kafin anka yarda in je. Ranar na ci ado, atamfar da na sa ranar saukarsa, da mayafi mai ruwan zuma. Shugabarsu ta tarbe mu, wata gajeriyar mata mai furfura, da takalmin maza. Anka sa mani farar riga bisa atamfa, da takunkumi, da wata hula kamar ledar burodi. Sunka so in cire ɗankwali, na ce hular ta hau bisa. Ta hau.

Na ce a tambaye ta ko akwai dalma a dutsen. Auta ya buɗe baki zai fassara, na ce dakata, kai mai son ɗaukar ɗa ne, za ka sa ma maganar zuma. Na fito da wayata na danna inda Rifkatu ta nuna mani. Allah ya sa ba ta bakin aiki. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce in miƙa wayar. Ta bakinta na ji amsa: kowane kaya anka kawo sai an auna shi kafin a niƙa, ba dalma a ciki, amma ƙurar dutse ko wace iri ce tana cin ƙirji, don haka suke tsoronta. Da na ji kalmar tsoro hankalina ya fara kwanciya. Wanda ke tsoron ƙura, da shi ake iya zama.

Sannan anka shiga da ni. Jama'a, na ga abu. Injin na cikin ɗakin gilashi, ƙofa bayan ƙofa, da manyan bututu a sama suna shaƙe iska. Shugabar ta sa na zura hannu cikin wata safa da ke manne da akwatin gilashi, na damƙi ƙasar watan. Toka-toka ce, laushi kamar garin tuwo, amma in ka murza sai ka ji tana cizo. Ta ce ta can ta fi wannan mugunta. A wata ba iska ba ruwa da za su goge ma ƙasa kaifi, kowace ƙwaya kamar fasasshiyar kwalba take, ga manne ma tufa. Mutanen farko da sunka je, ta bi su har cikin ɗakinsu, ta shiga hanci da ido, suna atishawa, sunka ce warin albarushi take yi. Su ɗan zama sunka yi sunka dawo. Waɗanda za su yanzu so ake su daɗe, su nemi ƙanƙara a cikin ramukan da rana ba ta taɓa leƙawa ba, su yi ta shiga da fita. In ba a yi maganin ƙura ba, ba zama.

Na ce to yaya za su yi? Ta yi murmushi ta ce in biyo ta.

Wani babban ɗaki ne, an zuba ƙasar nan ta cika shi kamar fadama ta bushe, da duwatsu, da fitila guda mai ƙarfi daga gefe. A bakinsa ga wata mota kamar tankin ruwa. A jikin motar, ta waje, ga riga rataye, fara, da hannuwa da ƙafafu da kwalkwali, kamar mutum ya jingina bayansa da bango. Ta ce wannan dabara ce cikin waɗanda suke gwadawa. Bayan rigar manne yake da wata 'yar ƙofa. Mutum na cikin mota zai buɗe, ya zura ƙafafu, ya shige rigar ta baya, a rufe, ya ɓalle ya tafi aikinsa. In ya dawo ya sake jingina, ya fice ta baya ya faɗa ɗaki. Rigar da ƙurarta ba su taɓa shiga ciki.

Na tsaya ina kallo. Na ce ma Rifkatu, "Gaya mata wannan dokar garinmu ce." Sai na ba ta labarin Luba, da kankare ƙasa, da ƙusar gareji. Shugabar ta kama hannuna da nata biyu ta riƙe. Can ta tambaya ko ina son in leƙa ciki.

Auta ya ce Inna akwai tsani fa. Na ce mashi ya matsa. Na tattare atamfa na hau, na shiga motar, anka buɗe 'yar ƙofar. Ban shige duka ba, gwiwa ba ta yarda ba, amma na zura kai da hannuwa. Sai ga ni ina kallo ta cikin kwalkwali: ƙasa toka-toka har bango, inuwar duwatsu baƙi ƙirin, shiru, ba abin da nake ji sai numfashina. Na motsa yatsa, ƙaton farin yatsa ya motsa a waje. Na ɗaga hannu na gaishe su. Ni Hajo ta Dareta. Wata dariya ta kama ni a ciki har gilashin ya yi gumi, na ce ashe haka za su gani. Na yi ma waɗanda za su addu'a tun daga nan, ko su wane ne, Allah ya kai su ya dawo da su ga iyayensu.

Amma ban manta abin da ya kawo ni ba. Na ce Auta ya shiga ɗakin niƙa ya yi aiki yadda ya saba, ya fito ina kallo. Ya shiga, inji ya yi gurr-gurr, wannan karon na tsaya ban kau da kai ba. Da zai fito ya tsaya a wani lungu iska ta buge shi ta ko'ina. A ɗaki na biyu ya tuɓe rigar da takalma ya bar su nan. A na uku ya wanke hannu da fuska da wuya, a natse, kamar mai alwala. Ya fito sanye da kayansa na gida. Na kira shi, na kama kunnensa a gaban shugabarsa da abokan aikinsa, na goga farin hankici a bayan kunnen, da cikin hanci, da ƙarƙashin farce. Na kai hankicin gaban fitila. Fari tas.

Da munka koma gida ya nufi gareji da kansa zai tuɓe. Na bar shi ya rataye rigar a ƙusa, don ƙusa kam ta zauna ke nan, amma na ce tiyo ya huta. Na shiga na tarar Rukayya ta gama ba yaro nono. Na ɗauko shi na fito falo.

"Ungo ɗanka," na ce. "Tallabi kan."

Ya karɓa. Ya kasa zama, ya sa hanci a wuyan yaron. Sadiƙu ya buɗe ido ya dube shi, ya yi wani yunƙuri, ya cika mashi hannu da kashi mai ɗumi har ya ɓullo ta gefe. Rukayya ta yi dariya har ta riƙe ciki. Na ce to, wannan ƙurar kam ba ta kisa, je ka wanke.

Da arba'in ta cika na dawo, kuma a Turkiyya na hau keken, don yanzu na san ɗan jagora ne. Kun ga ƙusar da ke bakin zaurena, ta waje. Tsohon Baturen nan maƙwabcin Auta ne ya ba ni ita da zan taho, 'yar'uwar ta gareji. Samarinmu sun fara sakaci, an daɗe ba a binne yaro ba, sai ka ga mutum ya fito rami ya nufi cikin gida da rigarsa. Shekaranjiya na tare jikana Sani a nan, fari fat da ƙura, wai sauri yake, ɗiyarsa na kuka. Na nuna mashi ƙusar. Na ce da idona na gani, da hannuna na shiga, masu zuwa wata ma a waje suke barin rigarsu, balle kai da ka fito ramin bayan gari. Ya tuɓe.